Komai Nisan Jifa Ƙasa Zai Faɗo

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mun sani duk wanda ya buɗe wannan mujalla ya tarar 'yan ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ɗauki alƙalami, zai zaci maganar tsaro za su yi, ko ta tsadar taki, ko kuwa ta kuɗin tallafin karatu. Waɗannan duka suna nan a wuyanmu, ba mu kuwa sauke su ba. Amma a wannan fitowa maganar wasa muka zo da ita, wasan ma na jifa, kuma muna roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke mana hukunci. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, akwai wani wasa da ya dace da hannun yaranmu, da aljihun iyayensu, da filayen makarantunmu, ya kamata a shigo da shi. In kuwa za a shigo da shi, to, wajibi ne a fara da faifai mafi sanyin tafiya, wanda aka ƙera domin jifan kusa, a koya wa yaro ya kai shi nesa tun daga jifan farko. Faifan nesa kuwa a bar shi a kanti tukuna.

Mu mutanen jifa ne

Babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya koya wa Bazamfare jifa. Wanda ya taɓa ratsa gonakin Bakolori sa'ad da shinkafa ta fid da kai ya san yadda yara ke fitowa tun da asuba da majajjawa da curin ƙasa, su wuni suna korar jan-baki. Yaro ɗan shekara 12 zai juya majajjawa sau biyu ko uku ya saki, curin ya ratsa faɗin gona ya faɗa daidai inda tsuntsayen suka sauka. Masunci a bakin madatsar ruwa kan murɗa jiki ya watsa birgi, ya buɗe a sama kamar laima, ya sauka bisa ruwa baki ɗaya. Mafarauci kan sami zomo da kere yana tsakiyar gudu. Kai, ko magini da ke bisa katanga, ai daga ƙasa ake cilla masa tubali ya cafe.

Tambayi kowane ɗaya daga cikin mutanen nan asirin abin, amsa ɗaya za su ba ka, watau ba da damtse ake jifa ba. Sau nawa ƙato ya karɓi majajjawa ya yi ta nishi, dutsen ya faɗi a bayansa, ɗan siririn yaro ya amsa ya kai shi gaɓar can? Abin yana ga kafa ƙafa, da juya ƙugu, da sanin lokacin saki. Wannan ilmi ne sosai, amma makarantunmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A wurinmu in an ce wasanni ƙwallon ƙafa ake nufi, in an matsa a ƙara da dambe da kokawa bayan kaka. Alhali kuwa duniya ta daɗe tana rataya wa majefa zinariya. Julius Yego na Kenya, wanda ya gyara hannunsa ta kallon bidiyo a YouTube saboda rashin mai koyarwa, ya zama zakaran duniya a jifan mashi cikin 2015 da mita 92.72. Arshad Nadeem, ɗan wani magini a ƙauyen Pakistan, ya ci zinariyar Olamfik a Faris cikin 2024 da mita 92.97. 'Yar ƙasarmu Chioma Onyekwere ta ci zinariya a jifan faifan ƙarfe a wasannin ƙasashe renon Ingila na 2022. To, mu da muke da hannun tun daga gona, me ya sa ba mu da filin da za a gwada shi?

Wasan da muke magana a kansa

Kowa ya ji labarin ƙwallon lambu, wasan manya da ake yi a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, wanda ke bukatar fili makeke, da ciyawar da ake shayarwa rani da damina, da sanduna masu ɗan karen tsada. A Amurka wasu suka ɗauki dokokinsa suka ajiye sanda da ƙwallo, suka sa faifan roba a madadinsu. Rami kuma ya koma kwandon ƙarfe bisa turke, da sarƙoƙi a rataye masu tare faifan su zubo shi ciki. Mu a nan za mu kira shi faifan lambu. Wani mutum mai suna Ed Headrick shi ya kafa filinsa na farko na dindindin a Oak Grove, kusa da birnin Pasadena a Jihar Kalifoniya, cikin 1975. A 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, a 1977 kuma ya sami rajistar kwandon mai sarƙa. Ya zuwa 2024 filayen wasan a duniya sun haura 15,000. Ƙasar Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, tana da wajen 1,000. A nan Afirka ma an kafa fili a Jami'ar Ndejje ta Uganda.

Dokar ba ta da wuya. Mai wasa zai tsaya a matsaya ya jefa faifai wajen kwando. Inda ya faɗi, daga nan zai sake jifa, har ya shigar. A ƙidaya jifan da ya yi, a wuce kwando na gaba, har a gama 9 ko 18. Wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. A lura da wannan da kyau, domin kuwa a kansa duk maganarmu ta tsaya: ba a rubuta nisan jifa a takardar sakamako, yawan jifa ake rubutawa.

Faifan ba ya kasa santimita 21 a faɗi, nauyinsa galibi tsakanin giram 165 da 175. Iri uku ne manya. Akwai faifan nesa, mai siririn baki kamar gatari da faffaɗan leɓe. Irinsa ya samo asali ne daga 1983, lokacin da Dave Dunipace na kamfanin Innova ya fito da faifai mai kaifin baki. Akwai matsakaici. Sa'an nan akwai faifan kusa, wanda masu wasan ke kira fota, mai zurfin ciki da dakusasshen baki kamar murfin kwano, an yi shi ne domin sakawa cikin kwando daga 'yan taku kaɗan. Kamfanoni kan buga wa kowane faifai lambar gudu, daga 1 zuwa 14. Faifan kusa, kamar Aviar wanda ya fito a 1984, lambarsa 2 ce ko 3. Manyan faifan nesa kuwa 12 ne zuwa sama.

A nan ne sabon shiga ke faɗawa rami. Ya ga 13 ta fi 2, sai ya ɗauka in ya sayi mai 13 ya sayi nisa. Ashe lambar nan bashi ce a kan mai jifa, tana faɗin irin gudun da faifan ke bukata daga hannunsa kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Ga yadda abin yake. In na-dama ya yi jifa da bayan hannu, faifan kan so ya karkata dama yayin da yake da gudu, in gudun ya ragu sai ya kwanto hagu. An ƙera faifan nesa ne ya jure wa gudu mai tsanani ba tare da ya kife dama ba. Saboda haka in hannun da bai ƙosa ba ya jefa shi, tun bai yi nisa ba sai ya zube hagu, ya sari ƙasa da baki, ya yi tsalle ko ya gangara inda ya ga dama. Mai jifan kuma, don ya hana haka, sai ya shiga karkace wuyan hannu, yana ɗaga hancin faifan sama, yana ƙara ƙarfi. Kafin wata uku ya koyi munanan ɗabi'u da zai shekara yana kankarewa. Faifan kusa kuwa ba ya neman gudun da ba ka da shi. Inda ka sake shi nan zai bi, in ƙarfinsa ya ƙare ya sauka a kwance ya zauna.

Dalilanmu

Na farko, faifan kusa malami ne da ba ya cin hanci. In ka murguɗa wuyan hannu, nan take zai kife dama ya nuna maka. In ka fizge shi da damtse, zai fita yana rawa kamar ƙafar keken da ta lanƙwashe. In ka ɗaga hancinsa, zai hau sama ya tsaya cik ya dawo. Kowane kuskure da irin alamarsa, har yaro shi kaɗai a fili zai iya karanta ta. A ƙasar da ba ta da masu koyar da wannan wasa, faifan da ke koyarwa da kansa ba ƙaramar ni'ima ba ce. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, lissafi. A ce kwando yana nisan mita 80. Wani ya jefa faifan nesa ya kai mita 85, amma ya kauce hagu da mita 20 ya shige sarƙaƙiya. Wani ya jefa faifan kusa ya tsaya a mita 65, a tsakiyar hanya, kwando na kallonsa. Na biyun jifa ɗaya ya rage masa ya kai gindin kwando, wataƙila ma ya shigar. Na farkon sai ya ɓata jifa guda wajen fitowa daga ƙaya kafin ya fara maganar kwando. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, mai wasan nan kuwa inda ya faɗo ɗin shi ne abin tambayarsa.

Tarihin wasan kansa ya ba da shaida. A watan Maris na 2016 David Wiggins ƙarami ya jefa faifan nesa mita 338 a hamadar Nebada, iska mai ƙarfi na tura shi. Abin mamaki ne, amma ba kofin gasar kwando aka ba shi ba. Jifan da masu wasan suka fi tunawa shi ne na James Conrad a gasar duniya ta 2021 a Ogden, Jihar Yuta. A kwandon ƙarshe, Paul McBeth na gaba da shi, Conrad ya jefa faifan kusa mai suna Envy daga nisan mita 75 ya faɗa cikin kwando, aka yi kunnen doki, ya kuma ci wasan raba-gardama ya zama zakaran duniya. Conrad kuwa mutum ne da aka san shi da jefa faifan kusa tun daga matsaya, a wuraren da wasu ke ɗauko mai kaifi. Abin da ya yi ran nan ɗiyan itacen da ya daɗe yana ba ruwa ne.

Na uku, yanayin ƙasarmu. Filayen Turai ciyawa ce mai laushi. Namu kuwa, daga Nuwamba zuwa Mayu, fako ne mai tauri kamar daɓe. Faifan nesa in ya sari irin wannan ƙasa sai ya zabura ya ƙara gaba, ko ya tashi tsaye ya yi ta gangara har cikin kwata. Faifan kusa kuwa a kan cikinsa yake sauka. Bugu da ƙari, harabar makarantunmu cike take da layukan dogonyaro, ga bagaruwa da aduwa da magarya a gefe. Tsakanin itatuwa jifa miƙaƙƙe ake so, wanda ba ya lilo dama da hagu, wannan kuwa aikin faifan kusa ne.

Na huɗu, lafiyar jama'a. Filin makaranta a garuruwanmu hanya ce ta kowa, ga masu talla, ga almajirai, ga awaki. Faifai mai kaifin baki a hannun wanda bai iya ba yana iya fasa goshin yaro. Ranar da haka ta faru kuwa, ranar ce shugaban makaranta zai hana wasan, kuma da gaskiyarsa. Bai kamata mu zama masu cewa in jifa ya wuce kanmu ya faɗa kan kowa ba.

Na biyar, kuɗi. Ƙwararru kan goyo jaka mai faifai ashirin. Ɗan manomi bai bukatar haka. Faifan kusa guda ɗaya ya isa a yi jifan farko da shi, a yi na tsakiya, a saka a kwando. Yara biyar ma sa iya karɓa-karɓa da guda.

Muna sane da inda faifan kusa ke da rauni, ba za mu ɓoye ba. Iska na wasa da shi fiye da sauran. In iskar hunturu ta taso ta fuskance ka, za ta ɗaga shi ta kifar da shi dama, in kuma tana bayanka sai ta danne shi ƙasa. Maganin wannan shi ne a yi jifan ƙasa-ƙasa in ana fuskantar iska, a ɗan ɗaga in tana baya, a kuma zaɓi lokacin da ta lafa. Haka nan akwai zangon da ya yi nisan da dole sai an ɗauko faifan nesa. Ba mu ce a haramta shi har abada ba. Shawararmu ita ce a sa ƙa'ida: wanda ya iya kai faifan kusa mita 60 a miƙe, sau 7 cikin 10, a ba shi matsakaici. Wanda ya mallaki matsakaici, sa'an nan a yi maganar na nesa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake kai shi nesa

Domin kada a ce mun cika baki ba mu nuna hanya ba, ga abin da masu wasan suka tabbatar. A fara daga tsaye, ba gudu ba tsalle. Na-dama ya ba kwando kafaɗarsa ta dama, ya buɗe ƙafafu. Ya riƙe faifan da yatsu huɗu a ƙarƙashi, babban yatsa a bisa, riƙo mai kyau amma ba na shaƙe wuya ba. Ya juya kafaɗu baya har ya ba kwando ƙeya, hannu a miƙe. Sa'an nan nauyin jiki ya koma kan ƙafar gaba tukuna, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo ƙarshe, ya ja faifan a miƙe kusa da ƙirji kamar mai zare takobi. Ba a buɗe yatsu a sake shi, shi ke fizge kansa in lokaci ya yi. Hancin faifan ya kasance a ƙasa kaɗan, gefensa na waje kuma a ɗan sunkuye, domin in ya tashi ya miƙe da kansa. A ba shi sarari a sama fiye da yadda za a ba faifan nesa, gama da shawagi yake cin nisa. Wanda ya saba da majajjawa zai ga babu baƙon abu a nan: ƙafa, ƙugu, saki. Sai tsayuwa ta zauna sa'an nan a ƙara taku. Ƙwararru kan haura mita 100 da faifan kusa, kuma mai kallonsu sai ya rantse ba su sa ƙarfi ba. Abu ɗaya na kiyayewa a ƙasarmu, kada a bar faifai cikin rana ko bisa kwanon ɗaki, zafi na lanƙwasa roba.

Darasin da ke ƙofar gidanmu

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan faifan roba? To, ai ɗabi'ar da muke yaƙa ta girmi faifai, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin kuɗinta. An gama madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato cikin 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Aka tsara ban-ruwan hekta 23,000. Kashi mafi girma, wajen hekta 15,000, aka ce da injin feshi za a shayar da shi, mai bukatar famfuna da lantarki da kayan gyara daga waje. Sauran kuwa aka bar wa magudanai, inda ruwa ke gangarowa da kansa. Ya zuwa 2003 injinan feshin sun tsaya, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba. Da aka tashi gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, sai aka koma mayar da filayen feshin ga tsarin magudanai. Watau abin da aka raina tun farko saboda sanyin tafiyarsa, shi ya ci gaba da ba mu shinkafa da dankali da albasa.

Ba mu kawo wannan don mu tone tsohon miki ba. Mun kawo shi ne domin mu ne gobe za mu zauna a kujerun da ake rubuta kasafi. Ƙaramin ma'aikacin da aka ce ya kawo jerin kayan wasanni, in ya ɗauko kundin kamfani, hannunsa kan tafi ga mafi tsada da mafi girman lamba, don kada a ce bai waye ba. A ba da kwangila, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, a kulle kayan a sito har gara ta cinye kwalin. Ɗalibin da ya koyi tambayar kansa, shin hannuna ya kai wannan faifai, shi ne gobe zai tambaya, shin garinmu zai iya riƙe wannan inji? Wannan tarbiyya muke nema.

Amsa ga masu suka

Za a ce wasan baƙo ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Muna tambaya, ƙwallon ƙafa a Maradun aka haife ta? Folo da Katsinawa suka shahara da shi, ai a zamanin Sarki Dikko ya shigo, ya tarar da mahaya ya zauna. Abin da ya tarar da gwaninta a ƙasa shi ke yin saiwa. Faifan lambu zai tarar da majefa. Ba mu kuma ce a bar langa da dara da kokawa ba, fili ya ishi kowa.

Za a ce ana fama da 'yan bindiga ku kuna maganar wasa. Ba mu manta ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a watan Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ba mu ce faifai zai kori ɗan bindiga ba, wannan nauyin Gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma yaran da tsoro ya hana su zuwa daji farauta, ya hana su nisa da gari, ina za su kai ƙuruciyarsu? Wasan da ake yi da rana tsaka, cikin shingen makaranta, ba tafiya ba kwana, ya fi zaman bakin titi. Faifan kusa kuwa, da yake ba ya kauce hanya ya tsallake katanga, shi ya fi dacewa da ƙaramin fili mai shinge.

Za a ce za a ci gonakin mutane. A ƙasar da aka zubar da jinin manoma cikin Afrilun 1980 a kan maganar gona da diyya, ba mu ne za mu ce a taɓa ko kunya ɗaya ta wani don wasa ba. Ba a kuwa bukatar haka. Zangon mita 40 zuwa 70 guda 9 za su shiga harabar makarantar sakandare ba tare da an sare itace ko an zuba bokitin ruwa ba. Itatuwan ma su ne daɗin wasan.

Za a ce ban da mata. A wannan wasa ba a gudu, ba a haɗa jiki, ba a kuma bukatar wata sutura ta daban. Ɗaliba da hijabinta za ta yi shi tare da 'yan'uwanta mata. Kristin Tattar ta Istoniya, wadda ta zama zakarar duniya a 2022 da 2023, uwa ce mai 'ya. Da yake dabara ake nema fiye da ƙarfi, faifan kusa ba ya nuna wa mace bambanci.

Abin da muke kira a yi

Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukansu a Talata Mafara, da na kwalejin Bakura, su fara da kansu, kada su jira kwangila. Ko babu kwando ana iya farawa, domin kuwa masu wasan na farko itatuwa da turaku suka riƙa jifa. A shafa wa gindin dogonyaro fenti a wuri biyu, faifan da ya bugi tsakani ya shiga ke nan.

Muna kira ga ɗaliban injiniya su zauna da masu walda na kasuwar Mafara su ƙera kwando da rodi da sarƙa, bakinsa ya kai kimanin santimita 82 daga ƙasa. Su kuma zana ma'aunin faifan kusa su kai wa masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano. Wanda ke yin buta da bokiti da kujera ba zai kasa faifai ba. Gasar duniya na da faifan da ta yarda da su, amma na koyo a gida ba ya bukatar hatimin kowa.

Muna kira ga jami'an wasanni na ƙananan hukumomin nan uku, in sun sami abin saye, su sayi faifan kusa 50 maimakon jaka biyu ta ƙwararru. Su shirya gasar makarantu wadda ba a shiga da kowane faifai sai na kusa, a yi ta bayan an kai amfanin gona gida. A ranar kuma a ware fili a gwada jifan mashi da na faifan ƙarfe da na dalma. Riƙon ya bambanta, amma ƙafa da ƙugu ɗaya ne, kuma a irin wannan taro ne ake gano yaron da Allah ya ba hannu.

Daga ƙarshe muna kira ga junanmu. In hutu ya zo, kowa ya koma garinsu da faifai ɗaya a jaka, ya nemi ƙannensa masu tsaron shinkafa ya miƙa masu. Kada ya yi masu dogon turanci. Ya nuna masu gindin itace, ya ja da baya ya yi kallo. Ƙasar da ta fitar da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta rasa gwanaye ba, fili suke nema da wanda zai fara da su daga inda hannunsu ya kai.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu wajen son abin da ya fi ƙarfinmu. Amin.